Yaya, ga yadda maganar gidan Mancesta take

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, kai da Hajiya da yara da duk mutanen gida a Tudun Wada. Saƙonka ya iso, na ji shawarar da ka kawo cewa tunda na mallaki gida a nan Mancesta ta Ingila, in karɓo ƙarin kuɗi a kansa mu rufa ginin Gyallesu kafin damina. Na kwana biyu ina juya maganar a raina, sai na ga ya dace in warware maka yadda gidan nan yake.

A Zariya mutum kan sayi fili, ya tara bulo, ya kai linta, ya tsaya har Allah Ya hore masa kuɗin kwano. Ko shekara goma ginin ya ci, ran da ya tare nasa ne. A nan kuwa kuɗin kafin alƙalami kawai kake bayarwa, kamar kashi 10 cikin 100, banki ya biya sauran, ka yi shekara 25 kana biya duk wata. Abin da ban gane ba sai da na shiga shi ne, farashin kuɗin ruwa da kuka daidaita da banki ba ya kai ka ƙarshen bashin. Yawanci na shekara 2 ne ko 5. Wa'adin na cika, in ka yi shiru, sai su mayar da kai kan farashinsu na yau da kullum, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Dole ka sake zama, ko da bankinka ko da wani, a ƙulla sabuwar yarjejeniya.

Ni nawa wa'adin ya cika a lokaci mai wuya. A 2020 Babban Bankin Ingila ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 0.1, daga Disamban 2021 ya fara ɗagawa, zuwa Agustan 2023 ya kai 5.25. Ka lissafa da kanka: bashin fam 150,000 na shekara 25, a kan kashi 2 fam 636 ne a wata, a kan kashi 6 kuwa ya haura fam 960. Gida yana nan yadda yake, albashi bai motsa ba. Na san magidanta 'yan ƙasarmu da suka ƙara aikin dare saboda wannan kaɗai.

Abin da ya taimake ni, na fara neman sabon farashi wata shida kafin wa'adin, domin ana iya kama shi tun daga lokacin. Ban yi gaggawar ficewa ba, don wanda ya bar yarjejeniya kafin ta ƙare tara ake cinsa, wani lokaci dubban fam. Na kuma koyi kada ƙaramin farashi ya ruɗe ni, sai na haɗa da kuɗin buɗe yarjejeniya da na lauya da na mai kimanta gida, sannan in ga wanne ya fi sauƙi. Dillalin bashin gida ya yi mini amfani sosai a nan.

Kuma ka san maganar riba ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kai ma ka sha yi mini nasiha a kanta. Da wannan damar na koma tsarin Musulunci. Ni da bankin muka zama abokan tarayya a gidan, ina biyan haya a kan kasonsu, ina sayen kason kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Ya ɗan fi tsada, kuma hayar ma ana sake duba ta in wa'adi ya cika, amma yanzu ina barci da natsuwa.

To ga inda shawararka ta shigo. Gaskiya ne ana iya karɓar ƙarin kuɗi a kan gida a lokacin sabuntawa. Sai dai duk abin da na karɓa, kason bankin ne ya ƙaru, kuma farashin da suke bayarwa matakai ne: wanda ake bi kashi 60 na darajar gidansa ya fi wanda ake bi kashi 85 samun rangwame. Kuɗin kwanon Gyallesu zai koma bashin da zan yi shekara 20 ina biya, in kuma na gaza, gidan da jikokin Hajiya ke kwana ciki za a karɓe. Wannan ne ba zan iya ba, Yaya, don Allah ka fahimce ni.

Akwai hanyar da nake ganin ta fi. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, kuma kai ma'aikaci ne, ana cire maka kashi 2.5 na albashi ana zubawa. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba masu zubi rance a kan kashi 6, har tsawon shekara 30, alhali na bankunan kasuwa ya wuce kashi 20. Tunda shi ma da ruwa a ciki, ka fara leƙa bankin Musulunci na Jaiz ka ji tsarinsu na gida. Ko ina ka je takardar fili za su fara tambaya, don haka a bi maganar C of O a KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, tun yanzu, kuɗin wannan ni zan ɗauka.

Shi kuwa rufin, ka sa kafinta ya lissafa bandir nawa na kwano da katako da ƙusa za a ci, ka turo mini. Daga albashi zan riƙa aikowa duk wata, mu fara da ɗakin Hajiya. A gaishe ta da kyau, a ce mata ina neman addu'a.