GARGAƊI ga masu gini a Abuja: hattara da mai ƙofofin ƙarfen nan na Instagram

Salam jama'a. Na so in bar maganar nan wa Allah in yi shiru, amma jiya wani maƙwabcinmu a Kubwa ya nuna mini hoton ƙofa a wayarsa wai zai tura kuɗi, ina kallo na ga ai mutumin da ya damfare ni ne, sunan shafin kawai ya canja, ko hotunan bai wahalar da kansa ya sake ba.

Ginin Yayana nake kula da shi tunda shi ba ya gari. An gama filasta saura get da ƙofar gaba da ƙofofin baya biyu, sai matar Yaya ta turo mini shafin, ƙofofi ne masu kyau wallahi, irin masu furannin ƙarfe da ake lanƙwasawa da hannu. Na ce ni ba na tura kuɗi sai na ga wurin aiki da idona, a lokacin ina jin ni mai wayo ne. Mai shafin ya ce ba matsala Alhaji, mu haɗu wajen Dei-Dei. Na je na tarar da wurin walda na gaske, yara suna ta goge ƙarfe, yana shiga yana gaisawa da kowa kamar mai wuri. Ya ja ni gaban wata ƙofa ya ce Alhaji buga ka ji, na buga na ji dum, ya ce geji 16 ke nan (wato lambar kaurin ƙarfe), irinta zan maka. Sai daga baya na gano wurin ba nasa ba ne, ɗan kamasho ne da ke kawo musu ƙananan ayyuka jefi-jefi, ƙofar ma ta wani ce da ke jiran ɗauka.

Ya karɓi kashi 70 kafin alƙalami, a akawun mai sunan wani daban wai ƙaninsa. Rasit ɗin kuwa get 1, ƙofa 3, kuɗi kaza, shi ke nan, ba kaurin ƙarfe ba ranar kawowa. Sati uku ya koma kusan wata uku, yau babu wuta, gobe dizal ya yi tsada, rasuwa ma sau biyu aka yi musu.

Ranar da ya kawo kaya ana kiran magariba ya iso, sun sha fenti suna ƙyalli an naɗe su da leda, ya ce direba na sauri a cika masa kuɗinsa kafin a sauke. Ƙarti huɗu ne suka ɗaga ƙofar gaban suna nishi, nauyin nan shi ya rufe mini ido na tura ciko.

Damina ɗaya ba su ƙare ba. Fenti ya fara kumbura, ƙasan ƙofa ya yi ja da tsatsa, get ya sunkuya yana jan ƙasa. Na ɗauko wani dattijo mai walda a unguwarmu, Baba ya sa babban yatsa ya danna tsakiyar ƙofa sai ga ta tana lotsawa kamar gwangwanin madara. Ya ciro maganaɗisu ya bi jikinta, wani wuri ya kama wani wuri ya zame, ya ce ɗana nan duk fila ce irin ta masu gyaran jikin mota aka cike ramuka da ita. Ya kankare fentin, babu jan fentin nan na hana tsatsa da ake fara shafawa, waldar kuma ɗige-ɗige ce ba a ja ta ba. Da ya huda ƙasan ƙofar, yashi ne ya dinga zuba. Yashi fa jama'a! Shi ƙartin nan suke ta nishi a kai.

Baba ya auna fallen ƙarfen, bai kai milimita 1 ba, alhali geji 16 wajen milimita 1.5 ne. Na kira mutumin, budar bakinsa wai ai geji 20 ya sa mini, ya fi 16. A lissafin geji kuwa duk yadda lamba ta hau ƙarfen sirancewa yake, 18 wajen 1.2 ne, 20 bai cika 1 ba. Ina faɗa masa haka ya kashe waya, washegari ya yi bulokin ɗina.

Don Allah duk mai ba da irin aikin nan, a rubuta kauri da milimita a rasit, ka je ka ga ƙofarka tana tsirara kafin fenti ya hau ta, a auna a gabanka, abin awon ba shi da tsada. Ka koma wurin aikin wata rana ba tare da shi ba ka tambayi yaran waye mai nan, da na yi wannan kaɗai da ban shiga ba. In ya ce kamfani ne ka duba sunan a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuɗi kuma su shiga akawun mai wannan sunan. Kar ka karɓi kaya da dare ko da direban zai yi kuka.

Ban sa sunansa ba saboda magana tana hannun 'yan sanda, kuma sunan ma canja shi yake kamar riga. Wanda ya taɓa faɗawa hannun mai irin wannan salon ya yi mini magana ta inbos da rasit ɗinsa mu haɗa. Get ɗin Yaya dai yanzu da waya muke ɗaure shi.