Presto: Ɗan Dabo da Zomonsa Mai Jin Yunwa

Kamfanin Pixar na Amurka ya fitar da wannan gajeren katun a shekarar 2008, aka riƙa nuna shi a gidajen sinima kafin a fara dogon katun ɗin kamfanin mai suna WALL-E. Doug Sweetland ne ya ba da umarni, kuma tsawonsa bai wuce kimanin minti 5 ba.

Ɗan dabon, mai suna Presto, yana da huluna biyu masu sihiri, duk abin da aka cusa cikin ɗaya sai ya ɓullo ta ɗayar. Ya hau dandamali bai ba zomonsa Alec karas ɗinsa ba, shi kuwa zomon, wanda ɗaya hular take wurinsa a gefen dandamali, ya ƙi yarda a zaro shi ta hular maigidan, ya mai da sihirin makami, ta yadda duk lokacin da maigidan ya zura hannu sai ya gamu da wata masifa: tarkon ɓera ya datse masa yatsu, tsani ya doke shi, lantarki ya ja shi har ya kama rawar dole, 'yan kallo kuwa suna ta tafi domin a zatonsu duk cikin wasan ne. Wannan shi ne ƙarfin fim ɗin, domin dokar hulunan ɗaya ce tak, amma kowane mugun wasa ya fi na baya tsanani, ba tare da an furta kalma ko ɗaya ba.

Guje-gujen ƙarshe, inda igiya ta fizgi ɗan dabon zuwa rufin gidan wasan, ya yi sauri fiye da kima, har sai an maimaita kallo kafin a gane yadda zomon ya cece shi. An sanya fim ɗin cikin masu takarar kyautar Oscar, sai dai bai samu ba.