Gargaɗi kan mai tallar filastar ciwon gwiwa a WhatsApp

Jama'a don Allah ku kula, akwai wani da ke tallar filastar ciwon jiki a WhatsApp da Facebook, irin wadda ake mannawa a baya ko gwiwa, wai tana zuƙo sanyi da dattin jiki ta raba mutum da ciwon gaɓɓai har abada. Wallahi ƙarya yake. Ni na saya wa Ummanmu, da kayan suka iso ba sunan kamfani ba ranar lalacewa ba lambar rajista, ko abin da aka haɗa a ciki ba a rubuta ba, leda ce kawai da hoton gwiwa. Duk da haka na manna mata, abin da har yau yake ci min rai kenan.

Cewa ya yi a bar ta kwana 3 kar a cire, in ana son aiki da sauri a ɗora gorar ruwan zafi a kai. Tun daren farko Umma ta kasa barci don raɗaɗi, na kira shi ya ce ai ciwon ne ke fita a daure. Da safe muka ɓare, wurin ya yi bororo fatar ta saluɓe, ina tura masa hoto ya toshe lambata.

Filasta ta gaskiya tana faɗin abin da ke cikinta, menthol ne ko methyl salicylate ko lidocaine, kuma aikinta rage ɗan ciwo na 'yan awowi, ba ta gyara gaɓar da ta riga ta ci. Yawancinsu awa 8 aka rubuta a kwali, ba a sa wa a kan rauni, ba a ɗora zafi a kai sam. Tun 2012 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ko masu rajistar ma suna iya ƙona fata, in aka ji zafi ko kumburi a cire a ga likita, to ina ga wadda ba a san me aka zuba mata ba? Shi methyl salicylate ɗin dangin asfirin ne, mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, sai ya tambayi likita tukuna.

Jiya na sake ganin bidiyonsa da sabuwar lamba, mutane sai tambayar yadda za su tura kuɗi suke, Umma kuwa har yanzu wankin ciwo muke kai ta.