Gargaɗi: babu shuɗin aksolotil, masu tallarsa damfara suke yi

Jama'a masu sha'awar kiwon aksolotil, a yi hattara da masu tallar "shuɗi" a Facebook da TikTok. Ni dai sun ci kuɗina, kuma ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba, dabbar da ta mutu a hannuna ce.

Ga wanda bai san aksolotil ba, dangin kwaɗo ne mai siffar ƙadangare, a ruwa yake rayuwarsa gaba ɗaya, yana numfashi da geza uku-uku a kowane gefen kansa. Asalinsa tafkin Sochimilko ne a birnin Meziko, inda ya kusa ƙarewa. Tun da wasan kwamfutar nan na Minecraft ya saka shi a 2021 kasuwarsa ta buɗe. A cikin wasan akwai shuɗi mai wuyar samu, ɗaya cikin 1,200. To, a can kaɗai yake. 'Yan damfara kuwa sun san yara sun gan shi, iyaye za su nema.

Hoton da na gani shuɗi ne kamar an wanke shi da bula. Mai shi ya ce saura ɗaya, in ban biya yau ba wani zai ɗauka. Na biya. Washegari sai ga kuɗin akwatin sanyi, bayan kwana biyu kuma wai kuɗin inshora. Da kayan suka iso, abin da ke cikin ledar baƙi ne mai ruwan toka, gezarsa ta ƙanƙance ta lanƙwaso gaba, da wani farin abu kamar auduga manne a gindinta. Na tura masa hoto. Ya ce: "Malam, kwantar da hankalinka, canza launi yake yi, ka ba shi mako biyu shuɗin zai fito." Kwana huɗu ya yi bai taɓa abinci ba, ya mutu. Da na sake magana aka toshe lambata.

Sai daga baya na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Ƙwayoyin launi iri uku ne a fatar aksolotil: masu ba da baƙi, masu ba da rawaya, da masu sheƙi. Daga cikinsu ake samun na daji mai ɗigo-ɗigo, da fari mai baƙin ido, da zabiya mai jan ido, da mai ruwan zinare, da baƙi wanda ba ya sheƙi. Wannan na ƙarshen shi ake haskawa da shuɗiyar fitila a ɗauki hoto, ko a gyara hoton a waya. Marasa imani kuma su tsoma fari a rini, ya koɗe cikin 'yan kwanaki, idan ma dabbar ta rayu.

Damfarar ta fi yawa a wajen sayar da ƙwai, don ba ka ganin komai sai alkawari. Fari da zabiya da baƙin nan duk ɓoyayyen gado ne, sai ɗa ya karɓo ƙwayar gadon launin daga uwa da uba duka biyu launin yake bayyana. Idan iyayen suna ɗauke da ita a ɓoye, kusan ɗaya cikin huɗu ne zai fito da shi. Saboda haka wanda ya rantse maka cewa duk ƙwan launi kaza za su fito, kuma ya ƙi nuna iyayen, da walakin. Mai rabi fari rabi baƙi, wanda ake tsawwala wa kuɗi, haɗuwar ƙwai biyu ce tun farkon halitta, ba a gadonsa. Mai ƙyallin kore dai gaskiya ne, a ɗakin bincike aka sa masa ƙwayar gadon wata halittar teku, ana kuma gadonta, amma sai a ƙarƙashin shuɗiyar fitila yake ƙyallin.

Kalmar "canza launi" ita ce mafakarsu, domin akwai ɗan gaskiya a cikinta. Fari kan yi ɗigon baƙi a fuska idan yana girma. Geza kan koɗe idan yana hutawa, ta yi ja idan ya yi motsi ko ya ci abinci. Wannan lafiya ce. Amma geza da ta koɗe ta zauna haka, fata da ta yi ja kamar ƙuna, bakin wutsiya a nannaɗe, ko audugar nan ta naman gwari, ciwo ne, galibi daga gurɓataccen ruwa ko zafi. Ruwa mai sanyin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Celsius aksolotil yake so, idan ya haura 24 ya shiga haɗari. Mai sayarwar da bai tambaye ka sanyin ruwanka ba, bai damu da ko dabbar za ta kwana ba.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce ya ɗauko maka bidiyo a hasken rana, da takarda mai sunanka da kwanan wata a jikin gilashin. Ka ga dabbar tana cin tana, ka ga iyayenta. Ka kuma duba dokar inda kake, don a wurare irin su jihar Kalifoniya ta Amurka an hana ajiye aksolotil. Idan mai sayarwar ya fara kame-kame ko ya ce kyamararsa ta lalace, ka ɗauki hoton tallar da hirarku, ka kai rahoton shafin, ka kuma sanar da sauran masu kiwo, don hoton da aka cuce ni da shi har yanzu yana yawo da sabon suna.