Sharhi kan hitar Bosch da na sa wa Hilux ɗina mai amfani da man gas (dizal)

Hilux ɗina mai injin samfurin 5L ta daɗe tana wahalar tashi da asuba a watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Jos kan sauka ƙasa da digiri 10. Sai an yi ta murza makulli kafin ta kama, idan kuma ta kama sai ta yi ta karkarwa tana fitar da farin hayaki mai warin ɗanyen gas. Bakanikena ya gwada hitocin injin guda huɗu, wato filogan da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar da mota, ya tarar biyu sun mutu, na sayi na Bosch aka canza su baki ɗaya, domin sabuwa da tsohuwa ba sa ɗaukar zafi daidai.

Injin gas ba shi da filogi mai tartsatsi irin na fetur. Matse iskar da fistin ke yi a cikin silinda shi ke sa ta yi zafin da man zai kama da wuta, to idan ƙarfen ya kwana cikin sanyi sai ya shanye wannan zafi tun kafin nozul ya fesa mai. A Jos lamarin ya fi tsanani, saboda garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda iska ba ta da nauyi kamar ta Lokoja. Aikin hita shi ne bakinta ya yi jawur, ya haura digiri 800, ya cike wannan giɓi.

Tun da aka sa su, motar tana tashi a murzawa ɗaya, muddin na jira fitilar nan mai kama da murɗaɗɗiyar waya ta mutu a allon gaban direba. Farin hayakin ya ragu ƙwarai, ko da yake ƙarar ƙwanƙwasa ta mintunan farko tana nan, wannan kuwa halin injin gas ne, ba na ɗora wa hitar laifinsa.

Kuɗinsu ya fi na waɗanda ba su da suna, amma a ganina sun cancanci hakan. Sai dai ba za su yi maganin batirin da ya yi rauni ba, tun da su ma daga gare shi suke jan wuta a daidai lokacin da sanyi ya sa baƙin mai ya yi kauri har injin ya yi nauyin juyawa, saboda haka ya kamata a gwada batir kafin a kashe kuɗi a kansu.