TOSCA, GASP ko PFQ-2, wanne za ka dauka in Hausawan Makka za ka tambaya?

Wata kanwata da ke mastas a ilimin halayyar dan Adam ta ce in taya ta zaben takardar tambayoyin da za ta auna saurin jin kunya da jin laifi, a cikin mutanenmu na unguwar Shara Mansur a Makka take son yin binciken. Takardun uku ne, PFQ-2, TOSCA-3 da GASP, to ga yadda na gan su.

PFQ-2 ta Harder, 1990, ita ce mai saukin cikawa, kalmomi ne kawai aka jera ka fadi sau nawa kake jin kowanne, amma fa nan gizo ke sakar, don kalmar kunya a wajenmu yabo ce, yarinyar da ba ta iya kiran sunan surukinta ko uwar da ba ta fadin sunan dan fari ai tarbiyya ce, su kuma Turawan abin da suke aunawa shi ne mutum ya ji shi kansa ba komai ba ne. Da Larabci ma haya (kunyar tarbiyya) daban, aar (abin kunya mai zubar da mutunci) daban. In ka fassara kai tsaye sai Hajiya ta ci maki mai yawa ka rubuta tana da matsala alhali lafiyarta kalau.

TOSCA-3 ta Tangney, 2000, labarai 16 ne, misali ka yi alkawarin cin abinci da aboki ka manta, sai a tambaye ka me za ka ji. Ta fi PFQ-2, sai dai tsawo, don kowane labari da tambayoyinsa, dattijo zai gaji a rabi.

Ni GASP na ce ta dauka, ta Cohen da abokan aikinta, 2011, tambaya 16 kacal, kuma ta raba laifin da ka yi a boye da wanda aka gani a bainar jama'a, wanda mu wannan bambancin shi ne komai. Amma akwai tambayar da mutum ya zubar da jar giya a kafet din abokin aiki ya ja kujera ya rufe wurin. A Makka kuwa? Ki mayar da ita gahawa ko shayi, na ce mata.

Da zarar kin canza kuwa sai an sake tantancewa. Wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar Turanci a kwatanta da asalin, ki gwada da mutum kadan tukuna ki ji yadda suka fahimta, sannan ki duba alfa na Cronbach, wato lissafin da ke nuna ko amsoshin tambayoyin suna tafiya tare, ana so ya kai 0.70. Matasan da aka haifa a Makka kuma da yawansu Larabci suke karantawa, Hausar a baki take, don haka ki tanadi kwafi biyu, shi ma na Larabcin sai ya bi duk wannan layin.