Tsakanin US-05 da Voss: wanda zai jure zafin Abuja

Ƙanena, tsakanin yistin US-05 da yistin Voss da ka rasa wanda za ka saya domin giyarka mai ƙarfi da ɗacin furen hop, ka sayi Voss, tunda a Kubwa kake zaune kuma ba ka da sola. Na yi aiki da su duka biyun a garin nan. A kan na farko na yi asarar lita 20 sukutum, na biyun kuwa shi ne nake ta juyawa daga wannan dahuwa zuwa waccan har yau.

Ba zan ɓata wa US-05 suna ba, domin yisti ne na kirki. Kamfanin Fermentis na Faransa ne yake yin sa a ƙaramin fakiti mai gram 11.5, kuma abin da ya sa masu dafa giyar IPA, wato irin taka mai ƙarfi da ɗacin hop, suke son sa shi ne ba ya tsoma baki a cikin ƙamshin hop, yana cinye zaƙi ya bar giya a bushe, ɗacinta a tsaye. Amma sanyi yake so. Kamfanin ya ba shi daga digiri 18 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, giya mai ƙarfi kuma ta fi kyau idan ba ta wuce 20 ko 21 ba a kwanaki ukun farko. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, zafin cikin bokiti ake nufi, ba na ɗaki ba, kuma yisti idan ya kama aiki a ruwa mai yawan zaƙi yana ƙara wa kansa zafi da digiri uku ko huɗu. Wanda yake Jos cikin hunturu zai iya ajiye bokitinsa a kusurwar ɗaki ya tafi harkarsa. Mu da muke nan sai da firji.

Shi ya sa na sayi firjin gwanjo da na'urar daidaita zafi, kuma wannan ne sayayyar da na fi yin da-na-sani a kanta. A watan Maris ne na dafa, na zuba fakiti biyu, komai yana tafiya daidai a kan digiri 19, sai aka ɗauke wuta a dare na biyu, daidai lokacin da kumfa ta kai ganiyarta, ba a dawo da ita ba sai washegari da yamma. Janaretona ba zai iya ɗaukar firji yini guda ba. Da na duba ma'auni sai na ga 31. Giyar ta gama tsimuwa, amma da na buɗe murfi sai wari irin na ruwan goge jan farce ya bugi hancina, kurɓi ɗaya kuma ya ƙona mini maƙogwaro tamkar an haɗa da ogogoro. Yisti idan zafi ya matsa masa yana fitar da wasu nau'o'in barasa masu nauyi, kuma ajiya ba ta kawar da su. Na jira wata biyu ko za ta gyaru, daga ƙarshe na zubar, har da hop na Citra gram 150 da na yi makonni ina jiran isowarsa. Laifin zafin gari ne da rashin wuta, ba na yistin ba.

Voss kuwa dabam ne tun daga asalinsa. Yana cikin dangin yistin da manoman yammacin Norwe suke kira kveik, wanda suka daɗe suna gadon sa daga iyaye zuwa 'ya'ya, suna busar da shi a kan zoben katako su rataye har zuwa dahuwa ta gaba. Wannan da ake sayarwa an samo shi ne daga na wani manomi mai suna Sigmund Gjernes a garin Voss, kamfanin Lallemand na Kanada kuma yana busar da shi a fakiti mai gram 11. Duk da cewa daga ƙasar ƙanƙara ya fito, a cikin ruwa mai ɗumi sosai manoman suke zuba shi, shi ya sa ya saba da aiki daga digiri 25 har zuwa 40, yana kuma jure barasa har kusan kashi 12 cikin ɗari.

Ranar da na fara gwada shi gwaggona tana wurinmu, ta zo daga Bukuru ganin likita. Ita ta yi shekaru tana dafa burukutu da jar dawa kafin ƙafa ta hana ta tsayuwa a bakin murhu. Na sanyaya ruwan tsiron, wato dafaffen ruwan zaƙin tsiron hatsi da ake zuba wa yisti, zuwa digiri 35 da ruwan famfo kawai, ba tare da na sayi ƙanƙara ko dunƙule ɗaya ba, wanda da US-05 ne da sai na zagaya unguwa neman ta. Na barbaɗa fakiti ɗaya da misalin ƙarfe huɗu na yamma, na rufe, na naɗe bokitin da tsohon bargo. Kafin mu kwanta tiyon da na tsoma a kwalbar ruwa ya fara ɓulɓul ba ƙaƙƙautawa, ɗakin ajiya kuma ya cika da ƙamshin ɓawon lemo. Da safe gwaggo ta cusa hannu ƙarƙashin bargon, ta dafa gefen bokitin ta ɗan jima, sannan ta ce, "Yanzu ka yi giya, ɗana. Tukunyar da ba ta da ɗumi a jiki ba ta da rai." Ta gaya mini yadda takan ɗebi gindin tsohuwar dahuwa ta tayar da sabuwa, sai na gane cewa abin da take yi a Bukuru da abin da manoman Norwe suke yi hanya ɗaya ce. A kwana na huɗu ma'aunin zaƙi ya sauko daga 1.070 zuwa 1.012, wato barasa kusan kashi 7.6 cikin ɗari, babu wari, babu ƙuna a wuya. A makon nan ma an ɗauke wuta sau da yawa, ban ko leƙa ba.

Sai dai saurinsa yana da haƙƙoƙin da dole ka biya shi. Yisti ne mai ci, saboda haka ka sayi abincin yisti ka zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jikin fakitinsa minti goma kafin ka sauke tukunya, musamman idan za ka ƙara sukari ko ka haɗa da tsiron dawa, domin ruwan da ba shi da isasshen abinci yakan sa shi ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai ko ya tsaya a rabin hanya. Kafin ka zuba shi ka girgiza bokitin da ƙarfi na minti biyu ko uku iska ta shiga, amma daga ranar nan kada iska ta sake taɓa giyar. Ka nemi bokiti mai lita 30 don dahuwar lita 20, ka sa tiyo a murfi maimakon ƙaramin makullin da yake barin gas ya fita ya hana iska shiga, saboda kumfarsa tana tashi da ƙarfi har ta ture murfi. Bargon ma ba ado ba ne. Abin da Voss ba ya so shi ne zafi ya faɗi masa farat ɗaya, irin na daren damina a watan Agusta, sai ya kwanta a gindin bokiti ya bar sauran zaƙi. Idan za ka auna zaƙi, ka bar ruwan da ka ɗiba ya huce tukuna, domin yawancin ma'aunan nan a kan digiri 20 aka saita su, ruwa mai ɗumi kuma zai nuna maka lamba ƙasa da gaskiya.

Wurin da na fi so ka natsu shi ne hop ɗin da za ka zuba a ƙarshe domin ƙamshi. Ni ina jira sai ɓulɓul ya lafa, a kwana na uku ko na huɗu, in cire bargon giya ta sauko zuwa zafin ɗaki, sannan in zuba gram 100 zuwa 150 in bar shi kwana biyu ko uku kawai. Kada ka ɗura a kwalba washegari don ka ga lamba ta tsaya. Furen hop yana ɗauke da sinadaran da suke farfasa ragowar sitacin da yisti ya kasa ci su mayar da shi zaƙi, sai tsimuwa ta sake tashi a hankali, idan kuwa ta tashi a cikin rufaffiyar kwalba a zafin Abuja, fashewa za ta yi. Ka auna yau, ka auna bayan kwana uku, idan lambar ba ta motsa ba sai ka ɗura da sukari gram 6 zuwa 7 a kowace lita, a kwalabe masu launin ƙasa, domin hasken rana yana ratsa kore da fari ya lalata ƙamshin hop cikin ɗan lokaci. Da zarar gas ya kama, ka kai su sanyi. A nan ne kaɗai firjin gwanjona ya samu aikin yi.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye maka ba ita ce Voss yana barin alamarsa. Za ka ji lemo-lemo da ɗan tsami kaɗan a ƙarshen harshe, wanda yake tafiya da kyau da Citra ko Cascade, amma ba zai ba ka tsantsar ɗacin nan mai kaifi da US-05 yake bayarwa idan ya samu sanyinsa ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Akwai wanda ya taɓa aiko mini da garin yisti a ƙulle cikin leda, ba suna ba kwanan wata, ya ce daga babban buhu ya ɗebo don ya sauƙaƙa mini farashi. Da na gwada shi a ɗan ruwan tsiro, ƙamshin burodi ne ya tashi. Kada ka karɓi yistin da ba ya cikin fakitin kamfaninsa. Fakitin Voss an tsotse masa iska, saboda haka a taurare yake kamar ɗan katako, idan ka ji shi laushi garin yana motsi a ciki, to iska ta shiga, ka mayar. Ka duba ranar ƙarewarsa, ka tambayi mai kaya inda yake ajiye shi, domin wanda ya yi watanni a kan kanta a shagon da rana take duka ya riga ya raunana. Haka hop: ka nemi shekarar girbi a jikin ledar, ka buɗe ka gani ko kore ne shar, idan ya koma ruwan ƙasa ko yana warin tsohuwar safa, kada ka biya. In da hali ka biya bayan kaya sun iso hannunka.

Ka sayi fakiti biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana a firji. Bayan ka ɗura giya, ka kwashi kaurin da ya kwanta a gindin bokiti da cokalin da ka tafasa, ka shimfiɗa shi siriri a kan takardar gashin kek, ka lulluɓe da tsabtataccen ƙyalle saboda ƙura, ya bushe har ya riƙa ɓarewa, sannan ka zuba a kwalba mai murfi ka sa a wurin ƙanƙara. Idan ka shigo Gwarimpa ranar Asabar ka biyo ta gida, in ba ka kaɗan daga nawa ka ga yadda busasshen yake kama.